Kaina Ya Ƙi Hula, Ɗana Ya Ƙwace Makulli

Malama, ki taimake ni, abin da ban taɓa ce wa wani mahaluki ba. Ni kafinta ne. Daga sakandare na tsaya, da zarto ɗaya na aro na fara. Na gina shago, na sayi injin yanka katako, na yi gida, na aurar da 'ya'ya, ba wanda ya ɗora min ko ƙusa.

Yanzu na haura sittin, ciwon kai ya sa ni gaba. Gefen goshina yake sara, ya gangaro wuya. Wata jijiya ta taso a wurin kamar igiya. In ina tauna, muƙamuƙina ya gaji, sai na ajiye cokali. Hula ma ta gagare ni, ji nake kamar ƙaya aka dasa a ciki. Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa kai ba hula, ga ni a shago kai tsirara, leburori na ƙus-ƙus wai Maigida ya fara taɓuwa.

Rannan ina kan inji idona na dama ya rufe kamar an saki labule, ya dawo. Na lalata ƙyauren mutane. Ban gaya wa kowa dalili ba, ko uwar yara. Washegari babban ɗana ya zare makullin injin ya sa aljihu, a gaban yaran shagona. Ɗan da na koya wa riƙon guduma! Har na ji yana maganar sabon fenti a allon shago mai ɗauke da sunana. Na shiga bayan katakai na yi kuka.

Na san baƙin cikinsa ne ke sara min kai. Ki buga cikakken sunana ya gani, duniya ta san wanda ya kafa wurin nan.

Mai Zarto

Baba Mai Zarto, sannu. Ban buga sunanka ba, don akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Ciwon ya riga rikicin makulli zuwa, saboda haka kada ka ɗora wa yaro. Ciwon kai da wuya kan zo daga gajiya, hawan jini ko lalurar ƙashin wuya. Amma jijiyar da ta taso, kan da ya ƙi hula, gajiyar tauna da labulen ido, a shekarunka, sun yi kama da kumburin jijiyoyin jini na gefen kai. Ni ba likita ba ce, sai dai na san wannan kan tafi da gani, kuma in ya tafi ba ya dawowa. In an tare shi da wuri, yana jin magani. Ka je asibiti yau, ka fara faɗin maganar idon, kada ka tsaya a kantin magani.

Ɗanka ya yi kuskure da ya kunyata ka a gaban ma'aikata. Amma ya ga hannun da bai taɓa kuskure ba ya kauce kusa da bakin inji, kai kuma ka ɓoye masa dalili. Yatsunka ya tsare. Ka kira shi ka faɗa masa gaskiya, shi zai kai ka.

Maganar allo ku yi ta bayan ka warke. Ina so idan an sake rubuta sunanka, ka tsaya da hularka ka karanta shi da idonka biyu. Allah ya ba ka lafiya, Baba.