Kalmar da Yaya Ya Fassara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara.

Yaya, ka yi haƙuri da rubutun. Ka san 'yata Auta ta kori yaron nan mai kantin magani da ke nemanta. Ta ce ita ba za ta haifi ɗan da za a tsaga wa ƙirji kamar yadda aka tsaga nata ba. Jiya ya same ni a shago ina yankan yadi, ya roƙe ni in nuna masa takardar likitan da ya duba ta tana jaririya. Na je gida na tono ta a ƙasan akwati. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗago ya ce, "Mama, wa ya ce muku ciwon gado ne?"

Na ce, "Yayana, malamin Turanci ne."

Ya ce kalmar da ke jiki, congenital, ba gado take nufi ba. Wai ma'anarta da ciwon aka haife ta, shi ke nan. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ka tuna ranar. A barandar asibiti, ni da babanta, kai ka riƙe takardar ka ce mana na gado ne. Surukata ta tuna cewa Inna ta rasa jarirai biyu kafin ni, ta ce to ga inda jinin ya fito. Ni kuma na rantse ba zan sake haihuwa ba, har auren ya mutu a kan haka. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Don Allah ka ce min yaron nan ne bai iya Turanci ba.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya, alhamdu lillahi.

Game da tambayarki, Turanci yana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma suna kama da juna ƙwarai. Congenital shi ne abin da jariri ya fito da shi daga ciki, galibi ciwo ko naƙasa. Yana iya zama gado, yana iya zama wani abu ne ya same shi tun yana ciki. Kalmar ba ta faɗi dalili ba. Hereditary shi ne gado zalla, daga iyaye zuwa 'ya'ya. Innate da inborn an fi faɗarsu a kan hali ko baiwa, kamar yadda ke kika iya ɗinki ba a zaunar da ke an koya miki ba. Akwai kuma inherent, wato abin da ba ya rabuwa da asalin abu, kamar zafi ga wuta.

Saboda haka yaron yana da gaskiya ta wata fuska. Sai dai ko masana sukan rikita waɗannan kalmomi, kuma a lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Ina ba da shawara Auta ta ga likitan zuciya ya yi mata bayani.

Ki gaida ta. Allah ya sa mu dace.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don Inna ba ta koya min tsallake gaisuwa ba.

Na tambaye ka rayuwata, ka aiko min da darasin aji uku. "Ta wata fuska"! Duk da haka na ce kuskure ne, kowa na yi. Har na fara lallashin Auta, na ce kawunki bai sani ba.

Sai ta tashi ta ɗauko tsohon ƙamus ɗin nan naka mai jan bango, wanda ka ba ta da za ta shiga sakandare. Ta ce bari ta gani da idonta. Ta buɗe shafin, ta duba, ta miƙo min. Ni ba na jin Turanci, amma na san rubutunka ko a duhu. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da jan biro. A gefe ka rubuta da Hausa: "Ba lallai gado ba ne. Innalillahi." Ka sa kwanan wata, yadda ka saba sa wa komai.

Shekara goma sha bakwai ke nan da rubutun, Yaya. Na ƙirga da yatsu sau uku.

Inna tana da rai a lokacin. Bayan wannan rubutun ta yi shekara shida a duniya. Kana zaune a bakin gadonta ranar da ta kama hannuna ta ce in yafe mata, wai jininta ne ya kashe min aure ya huda zuciyar jikarta. Kai ka miƙa mata ruwa da kuka ya sarƙe ta. Ka sani, ka yi shiru?

Auta ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin ta ce, "Mama, ashe da ina da ƙanne." Tun jiya ba ta ci abinci ba, ni ma keken ɗinki ban taɓa shi ba.

Kada ka sake koya min Turanci. Ka amsa min da Hausa.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ban cancanci gaisuwarki ba.

Na sani. A cikin aji na gane. Wata ɗaliba ta tambaye ni bambancin kalmomin biyu, na ce ɗaya ne, ta ce littafinta bai ce haka ba. Na buɗe ƙamus don in kunyata ta. Alli na hannuna, yara arba'in suna kallona, na karanta layin sau biyu. Na ce musu kaina ke ciwo, na fita.

Ranar na zo har ƙofar shagonki. Na hango ki kina auna wa wata mata riga, Auta na zaune a kan tarin ƙyallaye tana wasa da maɓallai. Auren ya riga ya mutu, babanta ya koma wani gari. Na ce a raina, me faɗa zai gyara yanzu? Na juya. Na ce gobe. Haka na yi ta cewa gobe.

Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Ni ne mai ilimin gidan. Inna ta sayar da gonarta ta kai ni makaranta, duk takardar da ta shigo gidan nan ni ake jira. A barandar asibitin ban taɓa ganin kalmar ba. Na ga ta yi kama da genetic, wadda ta shafi ƙwayoyin gado, sai na yi hasashe, don kada in ce "ban sani ba" a gaban mijinki. Likitan yana ɗaki na gaba. Taku biyar ne.

Ranar da Inna ta nemi gafararki na buɗe baki, Allah shaida ne. Sai na ga in na faɗa, da fushina za ta tafi. Na zaɓi kaina. Antinki ma sai yau da safe na gaya mata, har yanzu ba ta fito daga ɗaki ba.

Ba na neman ki yafe. Duk abin da kika ce in yi, zan yi.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Sai ka rubuta wa baban Auta da surukata, da hannunka, yadda ka rubuta min. Tsohuwar tana nan da ranta, a karanta mata. Ina so sunan Inna ya fita daga bakinta.

Ranar Talata da safe za mu ga likitan zuciya, ni da Auta da yaron. Auta ta ce a gaya maka ka zo. Ita ta ce, ba ni ba.

Ƙanwarka.