Yarinyar da ba ta daka

Daren Talata, watan Rajab, Dogon Kiriya

Allah Ka gafarta mini, na sake zuwa da kukana.

Yau na ba Hadiza hatsi ta daka mana fura. Ita ce ɗiyar da na tsinta bakin kasuwa ita kaɗai, ta tsallako iyaka bisa amalanken wasu. Na daɗe ban ji taɓarya ba, har na zarge ta da ƙyuya a raina. Da na leƙa, sai na iske ta durƙushe bayan rumbu tana niƙa a dutse, a hankali kamar mai sata.

Na ce, "Ɗiyata, ga turmi, mi ya kai ki dutse?"

Ta ce, "Inna, garinmu mun bar daka. In masu bindiga sunka ji taɓarya, sun san akwai hatsi. Ranar da sunka kashe Baba, ba mu ma munka daka ba, maƙwabta ne sunka daka. Innata ta ce in gudu, ita ba ta iya barin kakata tsohuwa."

Malam, maigidana, dai yana nan kan bakansa, wai gobe a sa ta mota ta koma, kada a ce mun riƙe ɗiyar mutane. Ban taɓa musa mishi ba. Bayan isha'i na faɗa mishi zancen dutsen, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Da hantsi motar take tashi. Ya Rabbi, Ka amsa mini kafin nan.