Askar Baba da Kan Ɗana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da wuri, domin jibi ne sunan ɗana.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne a Kano, amma asalina Turawa ta ƙasar Karaye. Mahaifina wanzami ne, ya gada, kuma da askarsa ya ciyar da mu har muka zama mutane. Duk jaririn da aka haifa a danginmu shi ke yi masa askin suna. Maiɗakina ta haihu a gidan iyayenta a Rogo, namiji, ɗanmu na fari, kuma sunan Baba zan sa masa.

'Yan shekarun nan Baba na fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi. Yatsunsa sun fara karkacewa, wuyan hannunsa ya kumbura, da safe kuwa hannun sandarewa yake yi, sai rana ta ɗaga yake saki. Ku lura, da safe ake askin suna.

Da na kai shi asibiti a Kano, likitar fisiyo, mai kula da motsin gaɓɓai, ta yi masa wani gwaji a gabana. Ta ce ya rufe ido, ta lanƙwasa masa wuyan hannu zuwa wani wuri, ta miƙe shi, sannan ta ce ya mayar inda ta kai shi. Ya mayar, ya tsaya nesa da wurin, ya ce, "Nan ne." Ta sake, ya sake kuskurewa, ya sake cewa nan ne, babu ko shakka a muryarsa. Ta yi mana bayani cewa ciwon kan taɓa gaɓar har mutum ya kasa jin inda hannunsa ya tsaya sai ya duba da ido. Baba ya yi dariya ya ce, "Yarinya, ina aski tun ba a yaye ubanki ba." Ni ban yi dariya ba. Da zafi ne kawai matsalar, da da sauƙi, domin mai jin zafi ya san yana ji. Shi bai san hannunsa ya kauce ba.

Da na je gida bayan haihuwar, na miƙa masa kaina da gangan na ce ya aske ni. Gaban kai lafiya lau, yana kallo yana bi a hankali. Da ya zo bayan kunne, inda hannu ke kare aska, sai na ji ta shige ni. Bai sani ba sai da jini ya sauko kan rigata. Ya ce na motsa. Wallahi ban motsa ba, amma na ce, "Haka ne Baba, na motsa." Kaina na babba ke nan, mai ƙashi. Na ɗana kuwa maɗigarsa na bugawa ana gani.

Na kira Yaya, babban wanmu, na gaya masa komai, ina zaton zai taya ni neman mafita. Ya wanke ni tas. Wai na shiga rediyo na iya lanƙwasa harshe, yanzu ina ƙyamar sana'ar da ta saya mini littafi, wai so nake in tsiraita uba a gaban surukai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, bara da matarsa ta haihu, wannan Yayan ya ce wa Baba wai an riga an aske jaririyar a asibiti saboda ƙuraje. Ƙarya ce, wani wanzami ya ɗauko daga ƙauyen Yammedi a kan babur, aka yi a ɗakin matarsa. Duk gidan an sani, ban da Baba. Da na tuna masa, sai ya ce ai tasa mace ce, kuma ba a gaban baƙi ba ne. Ashe kan ɗana ne za a gwada biyayya da shi.

Mutanen gari ma haka suke. Sun daina kawo masa 'ya'yansu, amma in sun wuce sai su ce, "Sarkin aska, hannu na nan dai?" Ya ɗaga musu shi yana murna. Wasu na raɗa masa cewa jifa aka yi masa, shi ya sa maganin asibitin ma sai ya ga dama yake sha. Babu wanda ya taɓa gaya masa gaskiya, kowa ya lallaɓa ya tsere, an bar ni da ita.

Na yi tunanin a bari ya ɗora askar ya yi bismilla, wani ya ƙarasa. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Ranar da aka karɓe aska daga hannun ubanka a gaban mutanen Rogo, ranar kun binne shi da ransa." Maiɗakina kuma, wadda ta ga ciwon bayan kunnena, ta ce ko gaban alƙali za a je, askar nan ba za ta hau kan ɗanta ba. Ban ga laifin ko ɗaya cikinsu ba.

Ba zan bari ya aske yaron ba, wannan na yanke. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi. In yi irin ƙaryar Yaya, in shiga sahun waɗanda nake jin haushi? Ko in zauna gabansa in ce, Baba, ranar nan ban motsa ba? Ɗazu ya kira ni yana fara'a, ya ce ya wasa askar, ya sa an wanke zabira, in turo mai babur da wuri kada takwaransa ya jira shi.

Na ce masa to. Ku da Allah ya bar muku iyaye, me zan ce masa gobe?