Saƙon Mutane da Jirgin Bruxelles

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Na yanke shawara, kuma na faɗa wa ɗana Kader a gaban matarsa don kada gobe ya ce bai ji ba. Zan sauka Paris wurin ƙanena Moutari, in yi mako guda, sannan in hau jirgin ƙasa zuwa Bruxelles wurin Dalila, ƙawata tun muna 'yan mata a Maradi. Ni kaɗai. Shi kuwa har ya samo wani kamfani mai yawo da tsofaffi, mutum ɗaya a gaba da tuta, suna binsa kamar awaki. Wai su za su ɗaukar min kaya, su nuna min kujera. Na ce masa duk rayuwata miƙa ni ake yi: daga hannun Baba zuwa na marigayi mijina, daga na marigayi zuwa nasa. Wannan karon ni zan kai kaina.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na sayi tikitin jirgin Bruxelles da kaina a waya, lokacin hutun rana a shagon da nake aiki a titin Wendover, nan garinmu Greensboro. Kujera kusa da taga. Na nuna wa duk wanda ya gifta, har da manajanmu da bai tambaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Labari ya zaga gari. Ashe babu gidan da ba shi da wani a Bruxelles! Tun safe ake sallama, kowa da "ɗan ƙaramin saƙo". Takalma, man shafawa, bitamin, rigunan jarirai. Hajiya Daso, babbarmu a masallaci, ta aiko da injin markaɗe a kwalinsa da barguna biyu, a kai wa 'yarta. Na karɓa duka da fara'a. Tun da na baro gida na zo ƙasar Turawan nan ban taɓa mayar da saƙon kowa ba, kuma ina alfahari da hakan. In ana neman mai amana, Hamsatou ake cewa.

Talata, 15 ga Afrilu

Kader ya zo ya tsaya a falo yana kallon akwati uku da buhu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi min sauƙi. Ya ce mu yi yarjejeniya: in hau jirgin ƙasan nan namu zuwa garin Raleigh in dawo, da duk kayan nan, ba tare da kowa ya taɓa min ba. In na iya, ya janye maganar kamfani. Na ce na yarda tun bai rufe baki ba. Yaron da na goya shi ne zai yi min jarrabawa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ban ko shiga jirgin ba.

Daga mota zuwa cikin tasha sai da na yi sawu uku, in ajiye wannan in koma ga wancan, ina waige. Akwatin da injin Hajiya yake ciki ya kife, ya kusa tafiya da ni. Mayafina a ƙasa, gumi har cikin ido. Wani bawan Allah ya miƙo hannu zai taimaka, na ce na gode, don na san Kader yana mota yana kallo. Jirgi ya zo, ya tsaya, ya tafi, ni ina kokawa da buhu. Na ji kunya, na kuma ji haushi. A hanyar gida abin da Kader ya ce kawai shi ne, "Mama, it's okay," wai babu komai. Na ce ya kula da tuƙinsa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Moutari ya kira. Ya ce Yaya, kada ki sa rai da ɗan dako, kuma jirgin can ba ya jiran mai sawu uku. Na zazzage kayan a kan tabarma, na ware nawa gefe. Nawa duka bai cika akwati ɗaya ba. To ga maganar a fili: ko in riƙe saƙon mutane in bi mai tuta, ko in mayar musu in tafi da ƙafata. Sunana ne a gefe guda, tafiyata a ɗayan.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na mayar. Gida gida, daga East Greensboro har McLeansville, ni nake tuƙi. Wasu sun yi dariya, wasu sun ce babu komai da bakin da ke cewa akwai. Gidan Hajiya Daso na bari ƙarshe. Na durƙusa, na ajiye kwalin a gabanta.

Ta ce, "Hamsatou, ke ce yau da mayar da saƙo?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Hannu biyu gare ni, kuma ni kaɗai zan tafi."

Ta ce to wa ya ce in tafi ni kaɗai. Na ce ni na ce. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Raleigh, na je na dawo! Akwati ɗaya da jakar hannu. Na nemo kujerata, na ɗora kayana, har na sayi shayi a ciki. Kader ya soke kamfanin a gabana. Na ji ya kira matarsa yana cewa Mama ta yi, kamar shi ya koya min.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na gaida Hajiya Daso a masallaci, ta amsa tana kallon wani wajen. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Wataƙila in na dawo ta huce.

Da la'asar matar maƙwabcinmu Seydou ta kira, wai ɗan turare ne kawai, ko nauyi babu. Kafin in nemo uzuri na ji bakina ya ce a'a. Muka yi sallama lafiya. Na zauna ina jiran kunyar ta zo, kamar yadda ta saba. Har shayina ya huce ba ta zo ba.