Man Indiyawa a Kan Wanzami

Sentul, Kuala Lumpur,
watan Muharram, shekarar korona.

Zuwa ga ƙanena Usaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya tsare mu daga wannan annoba, ya jiƙan Baba da sauran magabata. Mu nan lafiya lau. Idon da aka yi mini aiki ya washe, ɗana Muntasir yana karatunsa a ɗaka ta na'ura, jirgin komawa gida kuwa har yau babu labari.

Ka san abin da ke raina, ba yau na fara faɗa ba. Ni ne babba, ni na riƙe wa Baba zabira tun ina ɗan mitsitsi, amma da ya tashi ba da maganin kai na gidanmu, kai ya ja ɗaki ya rufe ƙofa, ni ya tura ni kasuwa aski. Na tambaye ka ranar sadakar arba'in, ka ce ba lokacinsa ba ne. Na aiko ɗan'uwanmu Bala, ka ce masa wasiyya ce. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta maƙwabta. To yau wani abu ya same ni, kuma da hannuna nake rubuta maka, don ba zan iya faɗa Muntasir ya rubuta ba.

Da za mu taho, yaron nan ya sa na bar asakena a gida, wai za a ƙwace a filin jirgi. Ana sa dokar kulle aka rufe shagunan aski. Ya kawo injin aski, na ce ƙarfe mai kukan ƙwaro bai taɓa hawa kaina ba, ba kuma a tsufa zai fara ba. Sai suma ta taru. Ni Iro, wanda ya yi wa rabin unguwa askin suna, ga ni da gashi kamar ɗan tauri. Garin nan ga zafi ga gumi, hula kuma ba ta sauka, sai amosani ya kama ni, daga baya ƙuraje suka feso. Har a salla hannuna yana kaiwa ga ƙeya.

Matar Muntasir, Ummukulthum, yarinya ce mai hankali. Ba ta yi mini magana ba, ta aiko mijinta da kwalbar wani koren mai da take saya wurin Indiyawa. Na mayar, na kuma ɗaga murya don ta ji daga kicin. Na ce man kitso na mata ne, mu gidanmu ake zuwa neman maganin kai, ba mu ke nema ba.

Usaini, ban yi mako ba na ɗauka a ɓoye. Tana girki na lallaɓa na tsiyaya a tafin hannu, na shafa, na danna hula. Washegari ƙaiƙayin ya ragu, na koma. Ina ta komawa kamar ɓera, ina ƙara ruwa a kwalbar don kada ta ga ya yi ƙasa. Ashe ruwa da mai ba sa haɗuwa, ga shi can kwance a gindin kwalba kowa na gani. Ban da haka ita ke wanke mini huluna, cikinsu duk ya rine ya koma kore. Rannan na shiga ɗakina na tarar da sabuwar kwalba a bakin taga, da ɗan kwano, da tawul a ninke. Daga falo kuma na ji tana gaya wa mijinta, da murya daidai kunnena, cewa an ce idan aka ɗan ɗumama shi aka murza da yatsu, aka jera kwana biyu ana yi, ya fi aiki. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Har yau ban iya haɗa ido da ita ba, ita kuma ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Na ɗumama ɗin. Tururin na bugo hancina sai na ji ni a tsakar gidanmu, bakin ƙofar nan da aka rufe. Wannan ɗaci-ɗacin, wannan ƙamshin, shi ne ke fitowa ta ƙasan ƙofa idan kuna dahuwa kai da Baba.

Da aka sassauta kulle na matsa wa Muntasir ya kai ni Brickfields, unguwar Indiyawan, da takunkumina a fuska. Mai kantin tsoho ne kamata. Na sa aka tambaye shi abin da ke ciki, ina jiran ya ce sirri ne. Ko gezau bai yi ba. Ya buɗe gwangwanaye ya zuba mini a hannu: ganyen darbejiya, hulba, wani busasshen ɗan itace mai tsami da ya kira amla, sai man kwakwa. Ya ce kowace tsohuwa a cikinsu ta san haɗin, har ya kwatanta mini yadda ake rage wuta. Baƙo, wanda ko addini ba mu haɗa ba, bai bari na tambaya sau biyu ba.

Kaina ya warke sarai, amma ban yi murna ba. Abin da nake son sani ɗaya ne. Maganin gidanmu, darbejiya ce da hulba, a man shanu maimakon na kwakwa? In shi ke nan, ka ce mini shi ke nan, in san a kan abin da ake sayarwa a kwalba na rasa ɗan'uwa. In akwai ƙari, ban ce ka faɗi sunansa ba, ka ce akwai kawai. Annobar nan tana ɗaukar sa'o'inmu, ban san ko zan sake taka gida ba.

Ka gaida Iya, da A'ishatu, da Hureira da yaranta. Kada ka sa Bala ya kira ni a waya da saƙon baki, kada ka ce sai na dawo. Lambar Muntasir tana wurinka. Ka ba ni amsa, Usaini, ko e ko a'a.

Yayanka,
Iro Wanzami