Hanifa Ba 'Yar Jagora Ba Ce

Laraba da dare, Perry Barr

Yau an tashi su Hanifa daga makaranta da wuri, ban sani ba. 'Yata ta yi ta zaman jira a ofis har aka kira ni. Wai sun sa sanarwa a shafin intanet na hukumar makarantun. Sun sa kam, hoton takarda suka ɗauka suka manna. Wayar da ke karanta min rubutu "hoto" kawai ta ce, ta yi shiru.

Matar ofis, da muryar tausayi: "Ki riƙa ba Hanifa ta karanta miki mana."

Na ce, "Karatu na kawo ta, ba jagora ba."

Ido na rasa, ba baki ba. Gobe ina ofishin hukumar. Ko su mayar da hoton nan rubutu, ko kullum su ji sandata tana ƙwanƙwasa ƙofarsu.