Makullin Rumfar Chinelo

Talata, 10 ga Agusta, 1993

Yau ma mun yi da Chinelo. Ta sake turo daron manjanta har gindin teburina, wata mai saye ta ɗaga ludayi, ya fantsamar min a kan farin zaren da na saro jiya. Na ce, "Maman Grace, kasuwar nan gadonki ce?" Ta ce, "Ke ma Hajjo ba a nan aka binne cibiyarki ba." A nan aka binne ta mana, ga unguwarmu Magajiya can. Sai da na dawo gida amsar ta zo min, kullum haka nake.

Sama da shekara goma muna jere, langa-langa ɗaya ce ta raba rumfata da tata. Ni kayan koli: allura, zare, maɓalli, kwalli, mataji, madubi, ɗan turare. Ita kayan miyarsu na Kudu: agushi, manja, kifi banda, da ƙananan jatan landen nan busassu da suke ce wa kirefish. Wanda ya sayi hankici a wurina sai ya kai shi gida yana ƙarnin kifi. Allah ya raba ni da maƙwabtakar nan.

Alhamis, 12 ga Agusta

Kasuwa ba daɗi. Tun da aka soke zaɓe ake cewa ƙarshen watan nan yaƙi za a yi. Tasha ta cika da mutanen Kudu, katifu a kan motoci, har da mai ɗauke da keken ɗinki a ka. Layin masu atamfa rabinsa a kulle.

Chinelo ba ta tanka min ba yau, ko da na ture mata benci da gangan.

Asabar, 14 ga Agusta

Ina buɗe rumfa da safe sai ga ta, da jaka, ba zanin kasuwa a jikinta. Ta miƙo min makulli ɗaure da tsumma ja.

Ta ce mijinta Linus ya samo musu kujera a mota, yau za su tafi, ita da shi da 'yarsu Grace. Na ce babu abin da zai faru, surutun mutane ne. Ta ce, "Haka babana ya ce a Kafanchan, ina yarinya. Mu muka hau jirgin ƙasa, shi ya ce zai biyo mu." Bai biyo su ba. Duk zaman nan ban taɓa sanin a Arewa aka haife ta ba, na ɗauka a kasuwa ta tsinci Hausa.

Na ce me ya sa ni, ga 'yan cocinsu. Ta ce duk tafiya za su yi. Sannan ta ce, "Kuma ke, duk faɗanmu, da manja kike zagina. Ba ki taɓa zagina da yarena ba."

Na karɓa. Ko Allah ya kiyaye hanya ban ce ba. Sai da ta sha kwanar masu tumatir na faɗa, ban sani ba ko ta ji.

Litinin, 16 ga Agusta

Ajiya aka ba ni, ba ciniki ba. Ba zan buɗe ba.

Laraba, 18 ga Agusta

Na buɗe. Ruwan shekaranjiya ya shiga ta rufin, wari ya fara ratso langa-langar. Kifin da ke kwandon ƙasa ya fara fumfuna. Na ɗaure hanci da gefen gyale na kwaso shi, na goge, na shanya a kan buhu. Mata suna wucewa suna dariya, wai Hajjo ta canza sana'a.

Ina cikin haka Malama Lidiya ta zo, malamar firamaren nan 'yar Kagoro da ke sayen zif a wurina. Ta ce tunda a buɗe yake in auna mata agushi. Na ce ban san yadda ake aunawa ba. Ita ta nuna min gwangwanin madarar da Chinelo ke awo da shi, ta faɗa min yadda take saya. Na sa abin da ta bayar a tsohon gwangwanin shayi na tura ƙarƙashin buhun gari.

Na wanke hannu da sabulu da toka, har yanzu ina jin sa.

Lahadi, 22 ga Agusta

Yaya Ummaru ya zo gida da ɗansa Munir. Kamfanin ginin da Munir ke yi wa aiki a Abuja ya sallami ma'aikata, ga matarsa da tsohon ciki. Yaya ya ce ana raɗe-raɗin duk rumfar da ta daɗe a kulle za a ba wani, gara na gida ya samu. In ba Munir makullin, in mai ita ta dawo a san yadda za a yi. "Kuma ba dawowa za su yi ba, Hajjo. Ke da kike kuka da matar nan kullum?"

Na ce amana ce, Yaya. Ya ce amanar bare ta fi ta jini ke nan. Munir bai ɗago kai ba, sai murza hularsa yake yi. Yaron nan a bayana ya yi wayo lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo.

Sun tafi ba su taɓa furar da na dama ba.

Talata, 24 ga Agusta

Tunda kulle ce matsalar, ba za a sake ganinta a kulle ba. Na jawo bencina tsakiya, ƙafa ɗaya a koli ƙafa ɗaya a manja. Wata ta ce a ba ta allura, na miƙa mata da maiƙo a hannuna.

Juma'a, 27 ga Agusta

Ranar da ake tsoro ta zo ta wuce. Ko kaza ba ta yi kuka ba. An yi ruwa da la'asar, shi ke nan.

Da Chinelo ta saurare ni.

Talata, 31 ga Agusta

A rediyon mai shayi na ji wai motocin masu gudun nan da yawa sun yi haɗari a hanyar Kudu, bayan Lokoja. Ba su faɗi suna ba. Na je tasha na tambayi masu lodi ko sun san motar da ta tashi ranar Asabar ɗin can. Ɗaya ya ce, "Mama, ranar motoci nawa suka tashi?"

Ban ma san sunan garinsu ba. Wajen Awka, abin da na sani ke nan. Shekara goma ina jin muryarta fiye da ta 'yata Fauziyya, ban taɓa tambaya ba.

Asabar, 4 ga Satumba

Na aika Munir ya zo. Na ce ba zan iya rumfa biyu ba, ya zauna a tawa, abin da aka samu mu raba. Ya ce, "Gwaggo, namiji da sayar da kwalli?" Na ce kakanka da koli a ka ya shigo garin nan tun ana ce masa Abuja, kafin a ba sabon birnin can sunan. Ya yi dariya ya zauna. Kafin azahar ya sayar da madubai fiye da yadda nake sayarwa a sati, 'yan mata sai zuwa suke.

Yaya har yanzu ba ya amsa gaisuwata sai da "lafiya" ɗaya.

Alhamis, 16 ga Satumba

Manja ya ƙare, agushi saura kaɗan. Malama Lidiya ta raka ni inda babbar motar Kudu ke sauke kaya. Na ɗanɗana manja a yatsa kamar yadda na sha ganin Chinelo tana yi, na ce wannan ya kwana biyu, a ba ni wancan. Ashe duk shekarun nan ina kallo.

Mutanensu sun fara dawowa. Mai atamfar ƙarshen layi ya buɗe jiya. Duk wanda na gani sai na tambaya. Babu wanda ya gan su.

Lahadi, 26 ga Satumba

Matar Munir ta sauka, mace. Yaya ya aiko min da goro, ya ce in zo in yi wa jaririya wanka. To, alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga Oktoba

Na sa an gyara rufin da ke yoyo. Na wanke tsohon zanin da take ɗaurawa a kasuwa, na ninke na ajiye a kan buhu. Ban san dalili ba, ƙura ce ta yi masa yawa.

Talata, 19 ga Oktoba

Ina duƙe ina auna wa wata agushi sai na ji an ce, "Kin tula gwangwanin da yawa, Hajjo. So kike ki karya ni?"

Chinelo ce. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ga tabo a goshinta. Na miƙe, gwangwanin ya zube. Na ce, "Sai yau?" Abin da ya fito ke nan. Ta tsaya tana kallon rumfar, kifi a jere, daro cike, rufi sabo. Ta ce ta ɗauka ƙofa karyayya za ta tarar. Sai ta zauna a bencina ta rufe fuska da hannu. Ni kuma hayaƙin mai ƙosai ya shigar min ido, kullum nan yake bi.

Motarsu ce ta faɗi. Grace ba ta ji ciwo ba, ita Chinelo a goshi, Linus a ƙugu. Yana raye amma sai da sanda, kuma ba zai sake shiga ƙarƙashin mota ya yi kanikanci ba. Danginsa sun ce su zauna gida. Ta zo ne ta sallama rumfar ta koma.

Na ɗauko mata gwangwanin shayin. Ko buɗewa ba ta yi ba, ta sa a jaka.

Laraba, 20 ga Oktoba

A wurina ta sauka, ɗakin da suke haya an riga an zuba wasu. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce gishiri bai ji ba, na ce a gidanki kya ƙara. Ta ci ta ƙara.

Ta ga hoton marigayi maigidana a bango ta ce ta tuna shi, shi ne ke kawo min abinci a kasuwa a kan keke ranar da ba ya aiki. Ta ce ranar da ya rasu ta kulle rumfarta wuni guda, ta zo har ƙofar gidan nan, ta ga taron mata da carbi, ta rasa yadda ake shiga ta koma. Ni kuwa na daɗe ina riƙe da ita a rai cewa ba ta zo min gaisuwa ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba

Ta gama da masu kula da rumfuna. Da bakinta ta ce Munir take so ya karɓa. Yaya Ummaru ya zo har kasuwa ya yi mata godiya, yana ta ce mata Madam, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sauran kayan ta sayar wa wata 'yar garinsu. Ni na tsaya ina cewa kifin nan na sama ya fi haka daraja, har Chinelo ta ce in bari, ba nawa ba ne.

Asabar, 23 ga Oktoba

Na raka ta tasha. Na ƙulla mata allurai da zare da kwalba biyu na turare ta kai wa Grace. Ta ce ai Grace aure za ta yi bayan Kirsimeti da kwana uku, wani malamin makaranta. "Ta ce in gaya wa Mama Hajjo ta zo. Ke kika koya mata zura zare a allura, a ƙarƙashin teburinki take ɓuya in na ɗauko bulala."

Na ce ina ni ina ƙasarku, da tsufana, ko yaren ban ji. Ta ce ita da ta zauna a tawa fa? Ta sa wani ɗan makaranta ya rubuta min sunan garin da inda ake sauka a bayan kwalin ashana.

Wannan karon na faɗa da ƙarfi, Allah ya kiyaye hanya. Ta leƙo ta taga ta ce amin, irin namu.

Litinin, 8 ga Nuwamba

Munir ya zuba robobi da bokitai. Maƙwabcin kirki. Ba ya wuce iyakarsa ko da taku, in zai yi shara sai ya haɗa da gabana. Zarena fari tas. Daga safe zuwa la'asar "sannu Gwaggo" ne kawai.

Yini yana da tsawo ashe.

Litinin, 6 ga Disamba

Fauziyya ta zo daga Minna jiya, ta ga sabon leshin da na kai ɗinki ta ce bikin wa za a yi. Na ce mutum ba ya ɗinki sai da biki?

Yau hanya ta bi da ni ta tasha. Tambaya kawai na yi, don in sani. Sun ce motar Onitsha da sassafe take tashi, daga can a sake wata. Sun ce ana tsayawa a Lokoja, akwai wurin salla. Ba wai zan je ba, ƙafar nan tawa ba ta son dogon zama, ga wa zan bar wa rumfa. Munir dai ya ce zai iya.

Mai lodin ya ce lokacin Kirsimeti kujerar bakin taga ba ta kwana. Na ce to ya rubuta Hajjo a kanta, kada wani ya ɗauka kafin in gama shawara.